Bayan An Kwance Zare

Barkanmu da war haka mutanen Funtua da Malumfashi, da na Bakori da Ɗanja da Ƙafur, da na Ɗandume da Faskari da Sabuwa, da duk inda muryar nan ta kai.

Sharhinmu na yau a kan ɗan dambe ne, wanda ya riga ya kwance zare. Wanda ya ba shekara arba'in baya, makaɗa suka daina kiran sunansa, yara masu tasowa suna wuce shi a bakin kasuwa ba su san ko wane ne ba. Amma kafin mu zo gida, ku ba ni aron hankalinku mu leƙa Amurka. A can akwai wani ɗan wasa da abin da ya same shi bayan ya bar fili aka bincika, aka rubuta, har magana ta kai gaban kotu. Namu kuwa yakan ƙare ne a cikin ɗaki, daga matarsa sai 'ya'yansa suka san halin da ake ciki.

Sunan mutumin Junior Seau. An haife shi a 1969 a jihar Kalifoniya, iyayensa 'yan asalin tsibirin Samowa ne, talakawa masu neman na kansu da guminsu. Wasan da ya yi suna a kai shi ne ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, abokan hamayya kuma su tare mutum su kai shi ƙasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Seau yana cikin masu tsaron gida, a gurbin da suke kira lainbaka. Shi ne mai tsayawa a bayan sahun farko yana lura da inda ƙwallo za ta bi, da ya gano sai ya kwasa da iyakar gudunsa ya yi karo da mai ɗauke da ita. Ƙato mai nauyin kilo sama da 100 ya haɗu da ƙato irinsa, kowa a guje. Aikin ke nan, sau da yawa a kowane wasa, ban da na wajen atisaye.

Ƙungiyar San Diego Chargers ta ɗauke shi a 1990, shi ne na biyar da aka zaɓa cikin duk matasan da suka fito a shekarar. Ya yi mata shekara 13, har ya kai ta wasan ƙarshe na gasar a farkon 1995. Daga nan ya koma Miami Dolphins, ya ƙarasa a New England Patriots a 2009. Shekara 20 ke nan a cikin wasan da akasarin masu shigarsa ba su wuce shekara uku zuwa huɗu. Sau 12 a jere ana sa shi cikin gwanayen shekara. Ya tara dukiya, ya buɗe gidan abinci mai sunansa a San Diego, ya kafa gidauniyar tallafa wa yara. An san shi da fara'a, an kuma san shi da cewa ciwo ba ya hana shi shiga fili. A duk tsawon shekarun nan, ko sau ɗaya ba a rubuta sunansa a jerin 'yan wasan da suka samu buguwar ƙwaƙwalwa ba.

Da ya ajiye wasa sai iyalinsa suka fara ganin wani mutum daban. Barci ya ƙaurace masa. Mantuwa ta yi yawa, ga saurin fushi, ga janye jiki daga 'ya'yansa, ga caca. A watan Oktoban 2010 motarsa ta faɗa wani gangare a bakin teku, ya ce barci ne ya ɗauke shi. Ranar 2 ga Mayun 2012 ya kashe kansa a gidansa da ke garin Oceanside, yana da shekara 43. Iyalinsa suka miƙa ƙwaƙwalwarsa ga cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, a watan Janairun 2013 sakamako ya fito: yana ɗauke da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa wadda yawan dukan kai ke haifarwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CTE. A 2015 aka shigar da sunansa zauren gwarzayen wasan, ba ya duniya.

Kwana biyu kacal bayan rasuwar Seau, ranar 4 ga Mayun 2012, Rashidi Yekini ya rasu a Ibadan yana da shekara 48. Yekini haifaffen Kaduna ne, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, shi ne gwarzon Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya kama raga yana kuka duk muna kallo. Ba ina cewa ciwonsu ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne kaɗaicin shekarun ƙarshe. Mutuwar Seau ta girgiza wasan ƙasarsu har aka sauya dokoki, namu kuwa muka yi jimami na 'yan kwanaki, muka koma harkokinmu.

Wani abin da ya kamata mu sani: ɗan Najeriya ne ya fara gano cutar CTE a ƙwaƙwalwar 'yan zari-rugar Amurka. Dakta Bennet Omalu, ɗan jihar Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya kafin ya tafi Amurka. A 2002 yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh aka kawo masa gawar wani tsohon ɗan wasa mai suna Mike Webster, wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan ya shafe shekaru cikin ruɗewa, har yakan kwana a cikin motarsa. A ido, ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta siriri-siriri aka duba da madubin likita, sai ga wani sinadari da ake kira tawu ya dunƙule ya shaƙe ƙwayoyinta. Ya wallafa abin da ya gani a 2005. Likitocin hukumar gasar, wato NFL, suka taso masa, suka nemi a janye rubutun. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa lallai akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Kafin nan dubban tsofaffin 'yan wasa sun kai ƙara, har hukumar ta amince a 2013 za ta biya dala miliyan 765, daga baya ma aka cire iyakar kuɗin. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111, suka samu cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamu su suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka ba a cewa kowane ɗan wasa haka yake. Amma ko da an yi wannan ragi, adadin ya isa ya tayar da hankali.

To, ina ruwan manomin Ƙafur da wannan labari? Ruwansa shi ne, tun kafin a san cutar a wajen 'yan ƙwallo, a wajen 'yan dambe aka fara saninta. Tun a 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben zamani ke komawa: tafiya da tangaɗi, harshe ya yi nauyi, hannu na rawa, tunani ya ja baya. Ƙwaƙwalwar Bahaushe da ta Ba'amurke kuwa halitta ɗaya ce.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune ne a cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan naushi ya sauka a muƙamuƙi, kai ya juya da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashin da ke kewaye da ita, jijiyoyinta masu laushi su miƙe, wasu su tsinke. Mutanen Ɗanja sun fi kowa gane wannan: a ɗora kwandon tumatir a bayan mota a bi hanya mai gargada, a isa kasuwa kwando bai yi komai ba, amma a buɗe a ga abin da ya faru da tumatirin. Shi ya sa hular kwanon da 'yan wasan Amurka ke sawa ba ta cece su ba. Ta hana ƙashi fashewa, ba ta hana girgizar ciki ba. Kuma binciken ya nuna ba sai dukan da ya sumar da mutum kaɗai ke yin ɓarna ba. Ƙananan dukan da ake shanyewa a ci gaba da wasa, su ne ke taruwa shekara da shekaru. Iya yawan shekarun da mutum ya yi yana shan duka a ka, iya girman hatsarin. Har yau kuma ba a tabbatar da cutar sai bayan mutum ya mutu an duba ƙwaƙwalwarsa.

Yanzu mu dawo gida. Ni mai son dambe ne, kuma ban zo don in ce a rufe fili ba. Wanda ya taɓa jin kalangu ya ɗauki taken wani gwarzo, ya ga yadda ƙaton zai miƙe jikinsa na tsuma ya ɗaga hannu yana kirari, ya san akwai wani abu namu a wurin nan da ba a sayo shi daga ko'ina ba. Dambe gadon mahauta ne. Rundawa ne ke ɗaura zare, su bi gari-gari, kuma lokacinsa sananne ne: kaka. Sai an yanke dawa da gero, an kai amfani gida, sannan ake share fili. A wannan yanki namu lokacin ya dace da buɗe fuloti. Tun zamanin da kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, jirgin ƙasa na Zariya zuwa Ƙauran Namoda yana kwasar kaya, kuɗin shekara a hannun manomi lokacin sayar da auduga yake shigowa. A lokacin ake aure, a lokacin ake biki, a lokacin makaɗa da 'yan dambe da 'yan kokawa ke samun abin da suke samu.

Ku lura da abin da wannan tsari ya ƙunsa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, fili ya watse. Ɗan dambe da ubangidansa duk sun koma gona, watanni biyar ko shida babu wanda ya taɓa kan wani. Ban ce kakanninmu sun san ilimin ƙwaƙwalwa ba, ban kuma ce babu waɗanda dambe ya nakasa a wancan zamani ba, akwai su. Amma damina tana tilasta hutu. Na biyu kuma, ɗan dambe na da yana da abin komawa. Yana da gonar gado, yana da teburin fawa a kasuwa ƙarƙashin Sarkin Fawa. Ranar da hannu ya yi sanyi, ba sai ya tambayi kowa me zai ci ba.

Yau fa? Dambe ya zama sana'ar shekara. Akwai gidajen dambe na dindindin, irin na Dei-Dei a Abuja, da na Marabar Nyanya, da dandalin Ado Bayero a Kano. Ana sayar da tikiti a ƙofa, ana yin na safe ana yin na yamma. Ɓangarorin dambe uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowa na neman a ce shi ne a sama. Akwai damben mota, akwai na babur. Ana ɗaukar wasa da waya a ɗora a YouTube da Facebook da TikTok, mutanen da ba su san inda Katsina take ba suna kallon yaranmu daga ƙasashen Turai. A 2023 aka fara gasar Dambe Warriors, wadda ta raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyinsu. A cikin wannan akwai alheri, yaran da da ba su da komai sun gina gida, sun yi aure, wasu sun sauke farali. Ina taya su murna har zuciyata.

Sai dai mu duba lissafin. Ɗan wasan Amurka irin Seau, a zamaninsa wasa 16 ne a shekara kafin zagayen ƙarshe, daga Satumba zuwa Janairu, sau ɗaya a mako, da hular kwano, da likitoci a bakin fili, kuma duk da haka ga yadda ta ƙare. Yaronmu da ya bar Bakori ko Malumfashi ya tare a gidan dambe, yana iya shiga fili sau da dama a mako ɗaya, kai babu kariya, hannun da zai sauka masa kuwa an naɗe shi da zare har ya yi tauri. Abin da 'yan kallo suka biya kuɗi su gani shi ne kisa, wato a kai mutum ƙasa. Bidiyon da ya fi yawo shi ne wanda aka buge mutum ya zube ba ya motsi. Sai a yayyafa masa ruwa, a ɗaga shi, a ja shi gefe. Jibi a gan shi ya sake ɗaura zare, don idan bai fito ba babu na abinci, kuma za a ce tsoro ya ji. Wannan dawowar da wuri ita ce mafi hatsari, domin ƙwaƙwalwar da ba ta warke daga dukan farko ba, duka na biyu na iya kumbura ta har a rasa rai.

Sai maganar da ba a son yi a fili. Wasu daga cikin 'yan wasa suna shan ƙwaya irin su tiramadol kafin su shiga, don kada su ji zafi. Jin zafi kuwa shi ne hanyar da jiki ke cewa a dakata. Wanda ya kashe wannan, zai tsaya ya sha dukan da mai hankalinsa garau zai kauce masa. Ban ce duka suke yi ba, akwai masu tsabtar rayuwa da yawa a cikinsu. Amma masu gidajen dambe sun san gaskiyar lamarin fiye da ni.

Daga nan sai ƙarfi ya fara ja da baya, galibi tun mutum bai kai 35 ba. Yaran da ya koya wa ɗaurin hannu su fara buge shi. Liƙi ya ragu. Makaɗi kuwa, kowa ya sani, mai tashe yake bi. Waƙar da makaɗi Ɗan'anace ya yi wa ɗan dambe Shago ta sa har gobe ana ambaton Shago, amma 'yan dambe nawa ne suka samu Ɗan'anacensu? Sauran sai su tattara su dawo gida, kuma gidan ba yadda suka bar shi yake ba. An raba gonar gado ta zama 'yar ƙarama. Taki ya yi tsada. Auduga ba ta da darajar da take da ita a da. A ɓangaren Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, shekarun nan akwai gonakin da mai su ba ya iya zuwa saboda 'yan bindiga. Shekarun da sa'o'insa suka yi suna koyon kasuwancin hatsi ko gyaran mota ko ɗinki, shi ya yi su ne a fili. Ga hannu ya lalace, yatsu sun kanannaɗe, haƙora sun zube, wani ido ɗaya ba ya gani sosai.

Waɗannan ana ganinsu da ido. Wanda ba a gani shi ya fi damuna. Mutum ya fara manta inda ya ajiye kuɗi. Ya daka wa matarsa tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali da ba haka yake ba. Ya kwana ido biyu. Ciwon kai ya ƙi jin magani. Sai mu ce sammu aka yi masa, ko asirin da ya sha lokacin yana tashe ne ya juyo kansa, ko iska ce, ko dai ƙwaya ce ta taɓa shi. A yi ta yawon neman magani har ɗan abin da ya rage ya ƙare. Babu wanda zai tuna cewa mutumin nan ya yi shekara 15 ana dukan kansa muna tafi. Addu'a wajibi ce, babu mai ja da wannan, amma neman magani a inda ciwo yake shi ma umarni ne. Malamanmu sun daɗe suna tuna mana cewa jiki amana ne, sun kuma daɗe suna jan kunne a kan dukan fuska. Ko mai son dambe irina ya kamata ya saurari wannan da kunnen basira.

Na san abin da wani zai ce: ai ba wanda ya tilasta musu, su suka zaɓa. A Amurka ma an faɗi haka. Akwai wani matashi mai suna Chris Borland, shi ma lainbaka ne a ƙungiyar San Francisco 49ers. Shekara ɗaya tak ya yi, ya nuna bajinta, sai a watan Maris na 2015 yana da shekara 24 ya ce ya bari. Ya karanta binciken likitoci, ya tuntuɓi masana, ya auna kuɗin da zai samu da lafiyar da zai rasa, ya zaɓi lafiya. Wannan shi ne zaɓi, domin ya san abin da ke gaba, yana kuma da digiri a hannu. Yaron da bai gama firamare ba, wanda ba a taɓa gaya masa abin da naushi ke yi wa ƙwaƙwalwa ba, wanda gidansu ke jiran abin da zai aiko, ba daidai ba ne a ce da shi ai kai ka zaɓa, sannan a juya baya. Idan muka yi haka mun ci moriyar ganga mun ya da kwaurenta.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Na farko kuma mafi girma shi ne hutu. A damben zamani na duniya, wanda aka buge da naushin kai ba ya sake shiga fili sai bayan aƙalla kwana 30, idan ya suma kuwa hutun ya fi haka tsawo. Sarakunan dambe da masu gidaje suna da ikon kafa wannan doka gobe da safe, ba sai majalisa ta zauna ba. Matsalar ita ce wanda aka hana a Kano zai hau mota ya tafi Abuja ko ya zo wani biki a ƙauyukanmu. To, masu gidajen nan duk sun san juna, duk suna da waya. Zaure ɗaya na WhatsApp ya isa a riƙa sanar da cewa wane an buge shi ranar kaza, kada a sa masa zare sai ranar kaza. Kuma dokar ba za ta yi aiki ba sai an ba yaron abin da zai ci a cikin watan nan, in ba haka ba yunwa za ta mayar da shi fili ta bayan gida.

Daga ina kuɗin zai fito? Daga ƙofa. A ware wani abu daga kowane tikiti, da wani kaso daga abin da ake samu a intanet da hotunan yaran nan, a zuba a asusu ɗaya da dattawan ɓangarorin uku za su riƙe. A Amurka, tun 2007 akwai wani shiri da ke biyan kuɗin jinyar tsofaffin 'yan wasan da suka samu ciwon mantuwa, kuma wanda ya yi shekara uku a gasar yana da fansho. Ba mu da dalolinsu, amma mun san adashe, mun san asusun 'yan kasuwa da na direbobi. Jihar Katsina tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, babu abin da zai hana ƙungiyar 'yan dambe ta yi wa mambobinta rajista a dunƙule. Tunda dambe yana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa, jihohi suna alfahari da lambobin da ake ciyo musu, to hukumar wasanni ta jiha tana da haƙƙin da ya wuce sayen riguna. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 gwamnati ta karɓi kokawa ta mayar da ita gasar takobi ta ƙasa, da dokoki da alƙalai. Abin da suka iya da kokawa, za mu iya da dambe.

Ku kuma Alhazai masu sa mota da babur, Allah ya ƙara arziki. Amma mota tana tsufa kafin shekara biyar. Da za a riƙa sa fili ko gona, ko shanun huɗa, ko injin ban-ruwa, ko jarin fawa, da kyautar ta raka mutum har tsufansa. A kuma daina haɗa ƙaramin yaro da wanda ya ninka shi nauyi don 'yan kallo su yi ihu. Yaran da ba su balaga ba da ake fara buɗe fili da su, a bar su su koyi tsayuwa da kaucewa, a hana dukan kai, domin shekarun duka tun daga ranar farko ake ƙirga su. Kowane fili kuma a samu ma'aikacin lafiya ko da mutum ɗaya ne, mai ikon cewa wasan nan ya tsaya, kuma alƙali ya bi maganarsa. Tsofaffin 'yan wasa su suka fi dacewa da alƙalanci da horar da yara, a riƙa biyansu a kan haka.

Magana ta ƙarshe ga iyaye mata da matan aure da 'yan'uwa, domin ku ne ke tare da su idan taro ya watse. Idan an buge ɗanku ko mijinku a fili, kada a bar shi shi kaɗai a daren nan. Idan ya yi ta amai, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, ko barci mai nauyi ya kama shi ana tashinsa da ƙyar, ko ya fara magana ba kan gado, ko ya yi jijjiga, ko wani sashen jikinsa ya saki, ko aka ga jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada a jira gari ya waye. A kai shi Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Shika ko na Katsina. Jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma idan an yi sauri ana yin aiki a cire shi mutum ya tashi.

Wanda kuma ya daɗe da barin wasa, kuka ga halinsa ya sauya, ku kai shi wajen likita, ku kuma faɗa wa likitan a fili cewa tsohon ɗan dambe ne, shekara kaza ya yi, sau kaza aka sumar da shi. Kada kunya ta sa a ɓoye maganar ƙwaya idan ya taɓa sha. CTE ba ta da maganin warkewa tukuna, amma rashin barci da ciwon kai da baƙin ciki da saurin fushi duk ana samun sauƙinsu da magani, sau da yawa ma sai a tarar wani ciwon ne daban, kamar hawan jini, wanda ake iya shawo kansa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Shika, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Idan kuwa kuka ji ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ma ya huta, kada ku ɗauke ta maganar wasa. Ku kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, wani ya zauna tare da shi, a kira babban da yake jin maganarsa, a tafi asibiti a ranar.